Gwajin Ƙwaya Ga Direbobi: Haƙƙin Fasinja Ne, Amma Sai Da Adalci

 

Titin da ya taso daga Kano, ya ratsa Wudil da Birnin Kudu, ya wuce Gwaram da Basirka zuwa ƙasar Bauchi, ba ya hutawa dare da rana. A kansa ɗalibanmu ke komawa makaranta, a kansa ake kai hatsi da dabbobi kasuwar Sara, a kansa ake garzayawa da marasa lafiya Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Duk wanda ya shiga mota ya miƙa ransa amana ga mutumin da bai san yadda ya kwana ba, bai kuma san abin da ya haɗiya kafin a gama lodi ba. Saboda haka muke goyon bayan a riƙa yi wa direbobin haya gwajin miyagun ƙwayoyi a tashoshinmu, kamar yadda hukumar NDLEA, ƙarƙashin Janar Buba Marwa mai ritaya, ta daɗe tana kira.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Binciken da aka gudanar a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 a Najeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda. Direbobi 'ya'yan wannan al'umma ne, abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awai. Da yawansu mutanen kirki ne masu neman halal. Amma akwai masu shan Tramadol mai ƙarfin miligiram 200 ko 225 don korar barci, alhali likita kan rubuta 50 ko 100. Wannan ƙwaya idan ta yi yawa tana kawo jiri da dushewar tunani, wani lokaci har da farfaɗiya. Mu ƙaddara farfaɗiya ta kama mutum yana sheƙa gudu da fasinja goma sha takwas.

Hukuncin shari'a a nan a fili yake. Allah Ya haramta giya a Suratul Ma'ida, Sunna kuma ta haɗa duk abin da ke gusar da hankali a ƙarƙashin wannan hukunci. Kare rai da kare hankali suna cikin manyan manufofi biyar na shari'a, direba mai maye kuwa ya keta su biyu a tafiya ɗaya. Ɗaliban da suka karanta Risala ta Ibn Abi Zaid za su tuna cewa malamanmu na Malikiyya sun ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mai kora ta da mai janta da mahayinta. Idan mahayin jaki yana ɗauke da wannan nauyi, ina ga mai tirela ko tankar mai?

Wasu 'yan'uwa na cewa gwajin tajassusi ne, Allah kuma Ya hana binciken asirin mutane a Suratul Hujurat. Maganar tana da nauyi, don suturta Musulmi asali ne. Sai dai suturar ta shafi laifin da ya tsaya tsakanin bawa da Ubangijinsa. Tun zamanin magabata mai hisba yana shiga kasuwa ya duba mudu da sikeli, ba wanda ya kira hakan tonon asiri, domin sana'ar da ta shafi haƙƙin jama'a dole a duba ta. Hankalin direba shi ne sikelinsa. Wanda ya karɓi kuɗin mota ya yi alkawarin kai mutane da hankali cikakke.

Wasu ƙasashe sai da suka yi asarar rayuka suka farga. A watan Janairun 1987 jiragen ƙasa suka yi karo a jihar Maryland ta Amurka, mutum 16 suka mutu, aka kuma gano direban ɗaya daga cikinsu ya sha wiwi. A 1991 ƙasar ta kafa dokar gwajin ma'aikatan sufuri: kafin ɗaukar aiki, da na ba-zata, da bayan haɗari, da lokacin da aka ga alamar maye. Mai hankali shi ne wanda ya wa'aztu da waninsa.

Amma goyon bayanmu yana da sharuɗɗa, domin gwajin da babu adalci a cikinsa zai zama sabuwar ƙofar karɓar na goro.

Na farko, a tabbatar kafin a yanke hukunci. Gwajin fitsari na gaggawa yana iya kuskure, wani maganin da likita ya rubuta yana iya ruɗa shi, kuma yana nuna ragowar abin da aka sha kwanaki baya. Duk wanda sakamakonsa ya nuna ƙwaya, a maimaita masa a ɗakin gwaji, a saurari uzurinsa. A kuma sayi kayan gwajin da ke gano Tramadol, don ba kowane irinsu ke kama shi ba.

Na biyu, a yi wa kowa. Direban gwamnati da na kamfani da na ƙungiyar NURTW da NARTO duk ɗaya ne a kan titi. Dokar da ke kama ɗan acaba ta ƙyale direban mai gida ba za ta samu albarka ba.

Na uku, a kiyaye mutunci. Wanda aka samu da ƙwaya a sauke shi daga sitiyari, a tura shi wurin magani, a mayar da shi aiki idan ya warke. Yaɗa hotonsa a Facebook haramun ne, kuma yana tura shi cikin abin da ake son fitar da shi.

Na huɗu, a dubi masu motoci. Mai motar da ya yanka wa direba balas ɗin da ba ya fita sai da tuƙin dare da rana yana da kaso a cikin zunubin. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana a ɗora wa mai hidima abin da ba zai iya ba. Haka ma mai sayar da ƙwaya a bakin tasha, wanda kowa ya san rumfarsa.

Muna kira ga shugabannin tashoshin Birnin Kudu da Gwaram su zauna da NDLEA da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC da hakimai da limamai, su tsara wannan da kansu kafin a kawo musu shi da ƙarfi. Mu fasinjoji kuma mu daina zuga direba ya ƙara wuta. Idan muka ga alamar maye, mu sauka, mu sanar da shugaban tasha. Asarar kuɗin mota ta fi zaman makoki sauƙi.

Allah Ya shiryi matasanmu, Ya sanya albarka a sana'ar direbobinmu, Ya kai matafiya gidajensu lafiya. Amin.