Duwatsun Dutse na jiran a buɗe musu hanyar ƙafa

Matafiyin da ya taso daga Kano ta Wudil ba ya bukatar allo ya gaya masa ya iso Dutse. Bayan doguwar tafiya cikin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ta gero da dawa, sai ya hangi manyan duwatsu sun hau kan juna, wani ya ɗare kan wani kamar da hannu aka ɗora shi. Su suka ba garin sunansa. A tsakaninsu tsohon gari yake, Garu, inda tsohuwar fadar sarki take. Amma tun daga 27 ga Agusta 1991, ranar da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jigawa daga Jihar Kano ta mai da Dutse babban birninta, hankali ya koma ƙasa, kan sakatariya da tituna da rukunin gidaje. An sami Jami'ar Tarayya a 2011, an sami filin jirgin sama a zamanin Gwamna Sule Lamido. Duwatsun kuwa suna nan, sai yara masu kiwon awaki da masu fasa tsakuwa ke hawansu.

Wannan asara ce, kuma gyaranta ba ya cin kuɗin da ake zato.

A arewacin ƙasar Sifaniya akwai wata tsohuwar hanyar ƙafa da mabiya addinin Kirista suka yi ɗaruruwan shekaru suna bi zuwa birnin Santiyago. Zuwa tsakiyar ƙarni na 20 ta kusa mutuwa, ciyawa ta rufe wasu sassanta. A 1984 wani limamin coci na wani ƙaramin ƙauye da ke kan tsauni, Elías Valiña, ya ɗauki fenti ruwan ɗorawa ya riƙa zana kibiya a jikin duwatsu da itatuwa da bangon gidaje, don mai tafiya ya san inda zai karkata. A wancan lokacin masu kammala tafiyar a shekara ba su wuce 'yan dubbai kaɗan ba. A 2023 sun haura 440,000, kuma da yawansu ba ibada ce ta kai su ba, hutu ne da motsa jiki da ganin ƙasa. Mai tafiya yana riƙe da ɗan littafi da ake buga masa hatimi a duk zangon da ya yada, kuma wanda ya taka aƙalla kilomita 100 na ƙarshe da ƙafa ana ba shi takardar shaida. Ƙauyukan da matasansu suka watse zuwa birane sun farfaɗo da sayar da abinci da ba da masauki. Kuɗin yana faɗawa ne a hannun mai gasa burodi da mai ɗakin haya, ƙauye bayan ƙauye, saboda mai tafiya a ƙasa dole ya ci, ya sha, ya kwana a inda dare ya same shi.

Abin lura a nan shi ne fenti ya riga otal zuwa. A Najeriya kuwa, da zarar an ambaci yawon buɗe ido sai a fara lissafin katafaren masauki da kwangilar biliyoyi da Turawan da za su sauko daga jirgi. Dutse ba ta bukatar jiran Bature. Baƙinta na farko suna cikin gari: ɗaliban jami'a da suka zo daga sassan ƙasar nan, masu yi wa ƙasa hidima, ma'aikatan da ke tserewa Kano duk ranar Juma'a saboda a cewarsu babu abin yi a Dutse a ƙarshen mako, da 'yan makarantar sakandare da ke karanta labarin ƙasa a littafi alhali darasin yana bayan ajinsu.

Kuma abin gani bai tsaya a kyan duwatsu ba. A Birnin Kudu, ƙasa da awa ɗaya a mota daga Dutse, akwai zane-zanen da mutanen dā suka yi a jikin kogunan dutse, a wurare irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu. Yawancinsu hotunan shanu ne, wasu masu dogayen ƙahoni, kuma akwai marasa tozo, irin da ba a ganinsu yau a garken Fulanin yankin. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya tsaya ya yi tunani: waɗanne mutane ne suka yi kiwo a nan kafin shanun da aka sani su iso? Kusa da zanen akwai duwatsun da idan aka ƙwanƙwasa su da ƙaramin dutse sai su yi amo kamar kuge, kuma jikinsu duk ramuka ne saboda yawan bugu na tsawon zamani. Bernard Fagg, Baturen Ingila masanin kayan tarihi wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, shi ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950, har sunan Birnin Kudu ya shiga littattafan masana na duniya. Wuraren suna ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Duk da haka, a tambayi matashin Dutse ko ya taɓa zuwa, sau da yawa amsar ita ce bai ma san da su ba.

Ƙasar Fotugal ta taɓa tsayawa a gaban zaɓi mai wuya kan irin wannan gado. A farkon shekarun 1990 ana cikin gina babbar madatsar ruwa a kwarin kogin Kowa, a arewa maso gabashin ƙasar, sai aka gano dubban zane-zanen dawakai da shanun daji da aka sassaƙa a jikin duwatsu tun fiye da shekara 20,000. Da an gama madatsar, da ruwa ya shanye su. Masana suka yi ca, ɗaliban sakandaren garin da ke kusa suka fito zanga-zanga, kuma a 1995 sabuwar gwamnatin António Guterres, wanda daga baya ya zama babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, ta dakatar da aikin duk da makudan kuɗin da aka riga aka kashe. A 1998 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin jerin gadon duniya. Yau ba a shiga yawancin sassansa sai da ɗan jagora, a ƙananan ƙungiyoyi.

Abin da ke barazana ga duwatsun Jigawa ba ruwa ba ne, nakiya ce. Gari mai girma yana cin tsakuwa, tifofi suna ta kai da kawo, kuma babu mai hankalin da zai ce a hana talakan da ke fasa dutse da guduma neman abincinsa. Amma dutsen da aka fasa ba ya sake tsirowa kamar dalbejiya. Wajibi ne gwamnatin jiha da masarauta su zauna su tantance: ga inda za a fasa, ga inda ko kusa ba za a taɓa ba, musamman kewayen Garu da duk wani kogo mai zane. Masarautar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammad Sanusi, wanda ya rasu a Janairun 2023, an san shi da son dashen itatuwa, kuma shi ya samar da filin wasan golf na Dutse.

Za a ce akwai zafi. Gaskiya ne, babu mai hawa dutse da tsakar ranar Afrilu. Amma daga ƙarshen damina, lokacin da ciyawa ke kore a tsakanin duwatsu, har zuwa sanyin hunturu na Janairu, mutum zai iya fita bayan sallar asuba ya dawo kafin hantsi ya yi zafi. Za a kuma ce mutanenmu ba su saba da tafiyar da ba ta da dalili ba, suna kiranta yawon banza. To, ai likitoci kullum suna faɗa wa masu hawan jini da ciwon sukari su riƙa tattaki, kuma ga su nan da safe suna zagaye titunan kwalta cikin hayaƙin babura.

Aikin farko ƙarami ne. A zaɓi hanya ɗaya mai sauƙin hawa daga gindin Garu zuwa wani tudu da ake hango gari, a share ta, a sa mata alama da fenti, a kafa allo mai bayani da Hausa da Turanci. A koya wa samarin unguwar tarihin garinsu daga bakin dattawan fada, a ba su katin shaida, a tsayar da abin da baƙo zai biya su. Masu ƙosai da kunu da fura za su nemi gindin hanyar da kansu, haka ma masu dabino, wanda Dutse ta yi suna da shi har cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa tana da reshen binciken dabino a garin. Ma'aikatar ilimi kuma ta sa ziyarar Birnin Kudu cikin tsarin kowace makarantar sakandare da ke masarautar, sau ɗaya a shekara, a zangon karatu na farko lokacin da iska ke da sanyi, malamin tarihi a gaba, ɗalibai a baya, kowa ya ƙwanƙwasa dutsen nan ya ji amonsa da kunnensa.