Takardar gwajin fitsari ba ta wanke mara lafiya daga guba

Wata ɗabi'a ta samu gindin zama a gidajenmu, kuma lokaci ya yi da za a yi mata tonon silili. Da zarar matashi ya fara layi ko harshensa ya karye, sai a ɗebi fitsarinsa a kai ɗakin gwaji, a tsoma ɗan tsinken gwajin ƙwaya. In sakamako ya nuna babu komai, sai a yi hamdala, a ce zazzaɓi ne ko iska, a mayar da shi ɗaki. Ya mai karatu, wannan hamdalar takan zo da gaggawa, wani lokaci ma a bayanta rai ke salwanta.

An ƙera tsinken nan ne don ya gano wasu abubuwa ƙididdigaggu, irin su wiwi, kodin, tiramadol, hodar ibilis da dangin magungunan barci. Ba ya ganin metanol, wanda ake samu a gurɓatacciyar barasa da wasu nau'o'in tina. Haka kuma ba ya ganin etilin gilaikol na ruwan sanyaya injin mota, ko ɗan'uwansa dayetilin gilaikol, ko toluwin da ke cikin sholisho. Mutum zai iya kasancewa a bakin mutuwa saboda ɗayansu, tsinken kuma ya fito fes.

Makircin metanol shi ne jinkirinsa. Hanta ce ke juya shi zuwa wani sinadari mai tsami da ke ƙona jijiyar gani, wannan aikin kuwa yakan ɗauki awa 12 zuwa 24. A tsakanin nan mutum zai yi kamar ya warware, sannan ciwon kai da amai da numfarfashi su taso, ya riƙa ganin duniya kamar an lulluɓe ta da hazo. Cokali biyu na shan shayi na zallarsa na iya makantar da baligi. A 2015 gomman mutane sun mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan shan ogogoro mai ɗauke da shi.

Kada ka ce a gidanku ba a shan barasa, don haka zancen bai shafe ka ba. A 1990 yara 47 sun rasu a asibitin koyarwa na Jos bayan shan ruwan farasitamol da aka haɗa da dayetilin gilaikol. Tsakanin 2008 da 2009 maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya halaka yara 84 a Najeriya, har da wasu a Zariya. A 2022 kimanin yara 70 suka mutu a Gambiya ta dalilin gurɓataccen maganin tari da mura. Babbar alamar da aka gani a waɗannan yara ita ce ɗaukewar fitsari, domin ƙoda gubar ke kashewa. To, uwar da ke jiran ɗanta ya yi fitsari don a gwada, me take jira?

Za a iya cewa ai fitsari na da abin da yake nunawa. Gaskiya ne. A madubin likita ana iya ganin wasu 'yan ƙanƙara masu kama da ambulan ko allura a fitsarin wanda ya sha etilin gilaikol, sai dai sukan makara kafin su bayyana, kuma ba kowa ake ganin su a nasa ba. Mai shaƙar sholisho ma yakan fitar da wani sinadari a fitsari, amma lemon kwalba da wasu 'ya'yan itatuwa kan ƙara yawansa, cikin kwana guda kuma yakan ragu sosai. Tabbataccen gwaji a jini ake yin sa, da wata na'ura mai tsada da ɗakunan gwaji ƙalilan ne suka mallaka, sakamakon kuma kan iso bayan aikin gama ya gama. Saboda haka likita kan yanke shawara ne daga labarin da kuka ba shi, da yanayin numfashi da gani, da gwajin gishirin jini da na ƙoda. Labarinku shi ne gwaji na farko, shi ne kuma wanda kunya ta fi gurɓatawa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku faɗi abin da aka sha ko aka shaƙa, da lokacin, da yawansa, da su wa aka yi tarayya da su, domin su ma suna buƙatar asibiti ko da sun ce lafiyarsu ƙalau. Ku taho da kwalbar ko gwangwanin, ko da babu komai a ciki. Kada ku ɗura masa manja ko madara, kada ku tilasta masa amai, domin abin na iya faɗawa huhu. Yaron da ya sha maganin ruwa sannan ya yini bai jiƙa ƙyallensa ba, a kai shi asibiti a ranar.

Maganin wannan guba sananne ne. Akwai allurar fomefizol, wadda ke hana hanta juya gubar, tana kuma cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2013. Inda babu ita, likita kan yi amfani da etanol bisa awo da sa ido, aikin da ba a yin sa a gida ko kaɗan. In tsamin jini ya yi yawa ko ƙoda ta tsaya, sai wankin ƙoda. A matsayina na mai harhaɗa magunguna a asibiti, abin takaici ne yadda wannan allura ta yi wuyar gani a ma'ajiyarmu, alhali tsinken gwajin ƙwaya ya cika kasuwa. Haƙƙinku ne ku tambayi likita ko an auna tsamin jini da aikin ƙoda, da inda za a tura ku in ana buƙatar wankin ƙoda. Ku yi wannan tambaya tun a daren farko, tun mara lafiyarku yana iya ganin fuskokinku.