Garin Alkama a Kwalbar Magani: Ina Ruwan Mai Noman Zogale?

A watan Fabrairun 2015, babban lauyan jihar New York ta Amurka ya umarci manyan kantuna huɗu, wato Walmart, Target, Walgreens da GNC, su janye wasu magungunan itatuwa da suke sayarwa da sunan kantinsu. An sayo kwalabe an yi musu gwajin ƙwayoyin halitta. Kashi 21 cikin 100 kawai na gwaje-gwajen suka nuna tsiron da aka rubuta a jikin kwalba. Na Walmart ma kashi 4 ne. Maimakon tsiron, sai aka riƙa cin karo da shinkafa da wake da alkama, har a kwalbar da ta ce babu alkama a ciki.

Masu sana'ar sun ce gwajin bai dace ba, domin zafi da tacewa suna lalata ƙwayoyin halittar tsiro. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. To amma alkamar fa, wa ya zuba ta?

Tushen matsalar, a ganina, tsawon hannuwa ne. Kantin bai noma ba, bai niƙa ba, sunansa kawai ya liƙa. Ya saya wurin mai haɗawa, shi kuma wurin dillali, dillali wurin wani dillalin. Ga shi dokar Amurka ta 1994 ba ta buƙaci hukuma ta amince da irin wannan kaya kafin ya shiga kasuwa ba. Da abu ya zama gari, ido ba ya bambance zogale da ganyen da aka cuɗa masa.

A watan Maris na shekarar, GNC ya yarda zai riƙa gwada ɗanyen kayan da ake kawo masa. Irin wannan bincike gangarowa yake yi, har ya iso kan mai zogale, zoɓo, citta da tafarnuwa, kuma buhu ɗaya mai algus ya isa a mayar da lodi guda.

Don haka ƙungiyar da ke neman mai saye daga waje ta buɗe littafi tun yanzu: gonar wa, ranar girbi, maganin da aka fesa, lambar buhu. A shanya zogale a inuwa, a kan tamfol, ba a ƙasa ba. In ba ku da injin niƙa na kanku, gara ku sayar da busasshen ganye. Injin unguwa da ya gama niƙa masara zai bar muku garinta a ciki, ko da ba ku yi niyyar ha'inci ba.