Injin Naka Ne, Makullin Na Kamfani

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban injin buga takardu na ofis, injin ya haɗiye takarda ya yi gum, ya ɗanɗana haushin na'urorin zamani. Haka kuma wanda ya tura kuɗi ta waya, aka zare su daga asusunsa, wanda aka tura wa kuwa ya rantse bai ga alat ba. Galibin jama'a in abin ya same su sai su ɗora laifin a kan netwok, su yi tsaki, su haƙura. Amma akwai wasu bayin Allah da haƙurin ya fi yi wa wuya, su ne masu sana'ar tsara manhaja, watau waɗanda ke rubuta wa kwamfuta umarnin da take bi. Su dai sun san na'ura ba ta da taurin kai, ba ta kuma da aljanu. Abin da aka rubuta mata shi take aikatawa. Saboda haka duk inda ta ƙi, to akwai ɗan Adam a bayan ƙin nan, ko dai ya yi sakaci, ko kuwa da gangan ya shirya abin haka. Sau da yawa mai wannan sana'a yakan hango inda cutar take, ya kuma san gyaran ba zai ci masa wuni guda ba, amma an kulle ƙofa an tafi da makulli.

Babu labarin da ya fito da wannan baƙin ciki fili kamar na wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman. An haife shi a birnin New York cikin 1953, ya kama aiki a 1971 a ɗakin binciken ƙirƙirarriyar basira na babbar makarantar fasaha ta MIT da ke jihar Massachusetts. A wancan zamani al'adar masu wannan aiki ita ce kowa ya rubuta manhaja sai ya bar ta a buɗe, wanda ya ga aibi ya gyara, wanda yake so ya kwafa. Ɗakin binciken yana da wani tsohon injin buga takardu mai yawan maƙalewa. Stallman bai iya hana shi maƙalewa ba, amma ya yi wata dabara: ya shiga manhajar da ke tafiyar da injin ya ƙara mata 'yan layuka, ta yadda da zarar takarda ta maƙale sai saƙo ya isa ga duk wanda yake da aiki a layi, cewa a je a duba injin. Ko yaushe kuwa ba a rasa wanda zai tashi ya zare takardar.

Wajen 1980 sai kamfanin Xerox ya yi wa ɗakin kyautar sabon inji, mai sauri ƙwarai, mai fitar da rubutu tsaf. Sai dai shi ma yakan maƙale, ga shi kuma ba a hawa ɗaya yake da yawancin masu amfani da shi ba. Mutum zai aika aiki, ya jira, ya taka har can, ya tarar injin ya daɗe da tsayawa ba wanda ya sani. Stallman ya yi nufin maimaita tsohuwar dabararsa, sai ya tarar babu hali, domin kamfanin bai ba da asalin rubutun manhajar ba.

A nan ya kamata a ɗan yi wa mai karatu bayani. Manhaja tana da fuska biyu. Akwai rubutun da mutum ya yi da hannunsa, wanda wani mai sana'ar zai iya karantawa ya fahimta ya canza. Akwai kuma abin da ake mayar da rubutun nan ya zama, watau dogayen jerin lambobi waɗanda na'ura kaɗai ke ganewa. Wanda aka ba na biyun aka hana shi na farkon, misalinsa kamar wanda mai magani ya damƙa wa ƙullin gari bai gaya masa saiwoyin da ya daka ba. Zai iya sha, amma ba zai iya rage ɗaci ba, ba kuma zai san abin da ya sa cikinsa ya murɗa ba.

Kamar yadda shi Stallman ɗin ya sha ba da labari, ya ji cewa wani masani a Jami'ar Carnegie Mellon yana da rubutun. Da wata tafiya ta kai shi can sai ya shiga ofishin mutumin ya roƙi kwafi. Mutumin ya ce a'a, domin ya yi alkawarin ba zai ba kowa ba. Stallman ya juya ya fita cikin fushi. Abin lura a nan shi ne wanda ya hana shi ɗin ba ɗan kasuwa ba ne, ba lauya ba ne, abokin sana'arsa ne. Har gobe ma haka abin yake: kowane kwaɗo da ke jikin na'ura, wani mai tsara manhaja ne ya ƙera shi, aka biya shi albashi a kai. Masu kukan da masu sa kukan 'yan gida ɗaya ne.

Fushin nan bai tafi a banza ba. A watan Satumba na 1983 Stallman ya shelanta aikin da ya sa wa suna GNU, da niyyar rubuta cikakkiyar manhajar tafiyar da kwamfuta wadda kowa zai iya amfani da ita, ya karanta cikinta, ya gyara, ya kuma raba wa wasu. A farkon 1984 ya ajiye aikinsa na MIT don kada makarantar ta ce abin da ya rubuta nata ne. A 1985 ya kafa gidauniyar Free Software Foundation, a 1989 kuma ya fitar da lasisin GPL, wanda sharaɗinsa shi ne duk wanda ya gyara manhajar ya raba, tilas ya raba ta a buɗe kamar yadda ya same ta. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara rubuta Linux a 1991, ya sa shi ƙarƙashin wannan lasisi a 1992. Yau Linux ɗin nan ne ƙashin bayan kowace wayar Android da ke aljihun jama'a daga Sakkwato har Fatakwal.

Mutum zai zaci an ci nasara ke nan. Ina! Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Injin buga takardu, wanda a kansa aka fara rigimar, kullensa ya fi na da tsanani. Kamfanoni sun gano cewa ribar ba a injin take ba, a tawada take, don haka suka riƙa liƙa wa kowace kwalbar tawada wata 'yar ƙwayar lantarki da injin zai tantance kafin ya yarda ya yi aiki. A watan Satumba na 2016 injinan kamfanin HP masu yawa suka daina karɓar tawadar da ba ta kamfanin ba, sakamakon wani umarni da aka riga aka cusa musu ta hanyar sabunta manhaja. Masu injinan ba su taɓa kome ba. Hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci kamfanin tarar Yuro miliyan 10 a 2020 saboda rashin sanar da masu saye yadda ya kamata.

Na wayar Apple ya fi wannan ban takaici, domin shekara da shekaru mutane na ƙorafin cewa wayarsu takan yi nauyi in ta kwana biyu, ana ce musu zato ne kawai. A watan Disamba na 2017 wani mai tsara manhaja, John Poole, wanda kamfaninsa ke yin manhajar auna saurin na'urori mai suna Geekbench, ya tattara alkaluman wayoyi masu yawa ya nuna cewa lalle ana rage musu gudu. Cikin 'yan kwanaki Apple ya amsa. Hujjarsa ita ce in batir ya tsufa ba ya iya ba da wuta da ƙarfi lokaci guda, sai wayar ta mutu ba zato, shi ya sa aka rage mata gudu. Hujjar kam tana da ƙamshin gaskiya, kowane injiniya ya san halin tsohon batir. Laifin yana wurin shirun da aka yi. Da an gaya wa mai waya cewa batir ne, da ya canza batir, maimakon ya ɗebi dukiya ya sayi sabuwar waya. Kamfanin ya rage kuɗin canjin batir daga Dala 79 zuwa Dala 29 a 2018, Faransa kuma ta ci shi tarar Yuro miliyan 25 a 2020.

Manoman Amurka ma sun sha irin wannan da taraktocin John Deere, waɗanda wasu gyare-gyarensu ba sa kammala sai dillalin kamfani ya zo da kwamfutarsa, har ta kai hukumar kasuwanci ta tarayyar ƙasar ta maka kamfanin a kotu a watan Janairu na 2025. Abin da ya ɗaure wa irin wannan kulle gindi a can shi ne wata dokar haƙƙin mallaka ta 1998, wadda ta haramta fasa kwaɗon manhaja. Masu gyaran waya na Farm Centre a Kano da na Computer Village a Ikeja sun san ƙarshen zancen a aikace, domin akwai wayoyin da in an sa musu gilashi ko batir na wani wuri sai su fito da gargaɗi cewa ba su san wannan kaya ba, ko da kuwa aikin ya yi kyau.

Wannan duk ɓangaren ganganci ne. Ɓangaren sakaci kuwa, shi ya fi taɓa mai jin Hausa kai tsaye, kuma shi ya fi ci wa masu sana'ar rai, don ba shi da ko ribar da za a ce ita aka bi. A ɗauki batun suna. Wanda sunansa Sa'idu ko Mu'azu ko Asma'u ya san yadda wasu shafukan cike takardu a intanet ke ƙin karɓar waƙafin sama da ke tsakiyar sunan, su ce masa sunansa ba daidai ba ne. Sunan da aka raɗa masa ranar bakwai, wai na'ura ce ke cewa ba daidai ba ne! Mai tsara manhaja ya san dalili. A harshen da ake yi wa rumbun bayanai tambaya, wannan alama ita ce ke nuna ƙarshen zance, kuma ɓarayin intanet kan bi ta nan su cusa nasu umarnin. Akwai sananniyar hanyar toshe wannan kafa ba tare da an taɓa sunan kowa ba, tana cikin darussan farko na sana'ar. Amma malalacin ma'aikaci sai ya ga ya fi sauƙi ya haramta alamar gaba ɗaya. 'Yan Ireland masu suna irin su O'Brien suna fama da wannan ciwo daidai da su Sa'idu. A 2010 wani mai wannan sana'a, Patrick McKenzie, wanda a lokacin yake zaune a Japan, ya lissafa kurakurai 40 da abokan aikinsa ke ɗauka gaskiya ne game da sunayen mutane, ciki har da zaton cewa kowa yana da suna na farko da na iyali a tsari guda.

Haruffa masu lanƙwasa ma haka. Ƙ da ɗ da ɓ suna cikin kundin haruffan duniya na Unicode tun farkon shekarun 1990, ba su ne sababbin zuwa ba. Duk da haka akwai inda mutum zai rubuta Ɗanladi ko Ɓaidu, takarda ta fito da alamar tambaya ko ɗan akwati a madadin harafin farko. Daga nan sai mai sunan ya koma rubuta shi ba lanƙwasa, a wani wurin da waƙafi, a wani wurin babu. Ranar da aka zo haɗa bayanan banki da na katin ɗan ƙasa, kwamfuta ta ce mutum biyu ne daban, sai a tura shi kotu ya yi rantsuwa a kan sunansa, ya biya kuɗin takardar, ya dawo ya sake bin layi.