Tsohuwar motar gudu: lambar 98 da man kwalba

Bayan shirinmu na daren Lahadi wani matashi ya tare ni bakin gidan rediyo, ya ja ni wurin motarsa, tsohuwar Golf GTI ja, ƴar Kwatano. Ya buɗe murfin tanki ya nuna mini lamba 98 manne a ciki, ya ce a ina zai samu irin wannan mai a Maraɗi.

A Faransa direba na da zaɓi: 95, 98, ko 95-E10. Mu nan bututun isansi ɗaya ne, super, sai gazuwal kusa da shi. Ko bayan da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011, haka abin yake. Duk da haka tambayar tasa tana da amsa.

Wannan lambar, da ake kira oktan, ba ƙarfin mai take aunawa ba. Mutane da yawa sun ɗauka 98 ya fi 95 sa mota gudu. A'a. Juriya take aunawa: yadda mai zai daure a matse shi cikin inji ba tare da ya fashe da kansa ba. Injin motar gudu yana matse mai da iska kusan ninki goma kafin buji ya ba da wuta. In man bai da juriya, sai wani sashensa ya fashe ba a kan lokaci ba, ya bugi kan fistan. Shi ne ƙarar nan ƙyar-ƙyar, kamar tsakuwa cikin gwangwani, da kake ji in ka taka a gudu kaɗan da babban giya, ko wajen hawan tudu. Zafi kuma ƙara ta yake. Motar da aka ƙera don sanyin Jamus, ga ta a ranar Afrilu kan hanyar Dakoro, kun dai gane.

Sabbin motoci na da ƴar na'ura mai jin wannan ƙara, kwamfutar mota ta jinkirta wuta nan take. Da yawa cikin na shekarun 1980 ba su da ita. Kunnenka ne na'urar. In ka ƙure waƙa ka rufe ƙarar, wata rana fistan zai huje, a sauke inji. Ni ma'aikacin rediyo ne, amma a nan kam na ce a rage rediyo.

Abin da na gaya masa ke nan: ya je wurin makaniken da ya san tsofaffin injuna, a ɗan ja lokacin wuta baya, abin da masu gareji ke cewa rage abans. Motar za ta ɗan rage zafin tashi, amma inji zai daɗe. A duba ruwan lagireto da buji. Kar ya taka da ƙarfi yana babban giya, ya sauko ƙasa tukuna.

Inda muka yi gardama shi ne man kwalba. Ban raina ƴan ruwa-ruwa ba, wallahi sun sha fitar da ni kunya da babur cikin dare, kuma gidaje nawa ke ci da sana'ar. Amma man da ya wuni cikin rana a kwalba, ya bi jarka bayan jarka, ba ka san abin da ya rage a cikinsa ba. In aka yi rashin sa'a an gauraya shi da kananzir, oktan ɗin faɗuwa yake warwas. Babur ɗan Sin zai iya haɗiyewa ya wuce, GTI ba za ta yafe ba. Ka tara miliyoyin sefa ka sayi mota, sannan ka tsaya cinikin dala biyar a kan lita?

Masu shiga da irin waɗannan motoci Turai kuma su kiyayi E10, don giyar da ke cikinsa har kashi 10 cikin 100 tana cin tsohon tiyo da robobin karbirato. Mai mai dalma da wasu tsofaffin injuna suka saba da shi kuwa an daina sayar da shi ko'ina, Aljeriya ce ta ƙarshe a 2021.

Matashin dai ya tada motar don in ji kukanta. Da muka hau kwalta ya taka, na ce ya kashe waƙa. Tsakuwar tana nan.