Hannun Uwa Ba Ɗamara Ba Ne

"Ai ina riƙe da shi."

Duk wanda ya daɗe yana aiki a ɗakin masu rauni ya sha jin wannan magana. A kawo mutane daga motar da ta yi hatsari, uwa ta ɗan ƙuje a goshi, amma yaron da ke cinyarta shi ne kwance ba ya motsi. Tana kuka tana maimaitawa: ina riƙe da shi, ban sake shi ba. Gaskiya take faɗi. Ba ta sake shi ba, fizge shi aka yi daga hannunta.

Ƴan'uwa, ga abin da nake so mu duba tare a wannan ɗan littafi. Yaro fasinja ne kamar kowa. Ya kamata ya sami wurin zama nasa, da abin ɗaure shi wanda ya yi daidai da jikinsa. A ganina kuma mai mota ne ya kamata ya tanadi wannan abu, ya ajiye shi cikin motar, don duk uwar da ta shigo da yaro ta iske shi.

Abin da ke faruwa idan mota ta tsaya farat ɗaya

Wanda ya taɓa ɗauko ruwa a amalanke ya san wannan. Idan jaki ya yi turus, amalanke ya tsaya, ruwan ba ya tsayawa, gaba yake yi ya zube. Haka mutanen cikin mota suke. Idan mota ta bugi itace, ko saniya, ko wata mota, ita ta tsaya, amma na cikinta suna ci gaba da tafiya da irin gudun da take yi, har sai sun bugi wani abu.

A kan kwalta, gudun kilomita 50 a awa ba a ma kiransa gudu. Amma bugun da mutum ke sha a wannan gudu daidai yake da faɗawa busasshiyar rijiya mai zurfin mita 10, wato wajen gaba 6. A wannan lokaci nauyin kowane abu yakan ninka sau 20 ko fiye. Ɗan shekara ɗaya mai kilo 10 zai fizgi hannun uwarsa da ƙarfin kilo 200, nauyin buhu biyu na gero, kuma kafin ƙiftawar ido an gama. Ko wanda ya ɗauki takobin kokowa na ƙasa ba zai iya riƙe shi ba, balle mace mai jego.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. Idan uwar ba ta ɗaura ɗamarar kujera ba, wadda wasu ke kira bel, jikinta ne zai bi yaron ya matse shi da kujerar gaba. Idan kuwa ta ja ɗamara guda ta haɗa kanta da shi, nauyinta duka zai danne cikinsa a kan ɗamarar. Ƙauna ce ta sa ta rungume shi, amma a wannan lokaci ƙaunar ba ta da yadda za ta yi.

Jikin yaro ba irin na babba ba ne. Kan jariri ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon jikinsa, wuyansa kuwa bai yi ƙwari ba, haƙarƙarinsa da taushi. Ɗamarar da ke cikin mota don manya aka auna ta: ta bi ta kafaɗa da ƙashin ƙugu. A jikin ƙaramin yaro sai ta hau wuya da tumbi, inda za ta iya fasa hanji ko ta taɓa laka. Ba ta zama masa daidai sai tsawonsa ya kai santimita 135 zuwa 150. Kafin nan yana bukatar abin da aka yi dominsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutane wajen miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa kowace shekara a hatsarin hanya, kuma a Afirka abin ya fi tsanani idan aka duba yawan jama'a. A duniya, babu abin da ke kashe ƴan shekara 5 zuwa 29 kamar hatsarin hanya. Hukumar ta kuma ce kujerar da aka yi don yara tana iya rage mutuwar jarirai a hatsari da kashi 71 cikin 100. Da a ce allura ce ke yin wannan aiki, da mun yi layi tun asuba.

Darasi daga jirgin sama

Kada wani ya ce wannan sakaci ne na talakawa kawai. Har a jirgin sama, inda ake ɗaure kowane babba, ana barin yaron da bai kai shekara 2 ba ya yi tafiya a cinya.

Ranar 19 ga Yuli, 1989, wani jirgin kamfanin United Airlines mai ɗauke da mutum 296 ya sami matsala a sama, ya yi saukar dole a garin Sioux City na ƙasar Amurka, ya tarwatse. Mutum 112 suka rasu. Akwai yara huɗu a cinyar iyayensu. Ma'aikatan jirgin suka bi ƙa'idar wancan lokaci, suka ce a kwantar da su a ƙasa a riƙe su da kyau. Iyaye biyu suka kasa riƙe nasu. An ceto ɗaya, ɗayan ya rasu. Shugabar ma'aikatan cikin jirgin, Jan Brown, ta tsira, ta kuma shafe shekaru tana roƙon hukumomi su tilasta a ba kowane yaro kujerarsa da ɗamararsa. Har yau dokar ba ta tilasta ba, amma hukumar jiragen sama ta Amurka da kanta tana gaya wa iyaye cewa hannu ba ya iya riƙe yaro idan jirgi ya yi girgiza mai tsanani.

Iyaye da yawa sun yarda da wannan, amma abin da ya dame su shi ne ɗaukar kujerar yara, ƙatuwa mai nauyi, ga yaro ga kaya. Sai aka ƙera wata ɗamara mai suna CARES, wadda hukumar ta amince da ita a 2006. Igiyoyi ne masu faɗi da ake zagaya bayan kujerar jirgi da su, su sauko ta kafaɗun yaro su haɗu da ɗamarar ƙugu. An yi ta don yaro mai kilo 10 zuwa 20. Nauyinta bai wuce rabin kilo ba, ana naɗe ta a sa a ƴar jaka. Don jirgi kaɗai aka yi ta, ba a sa ta a mota, amma ta nuna cewa abin kare yaro ba dole ne ya zama ƙato ba.

Masu ƙera mota ma sun bi wannan hanya. A 1990 kamfanin Volvo na ƙasar Suwidin ya fito da mota mai matashin yara a cikin jikin kujerar baya. Idan babba zai zauna, matashin yana naɗe, ba ya tare wuri. Idan yaro ne, a buɗe shi, ya ɗaga yaron har ɗamarar ta bi ta kafaɗarsa da ƙugunsa. Akwai kuma kujerun motocin makaranta da ake ƙerawa da ɗamarar ƙananan yara a ɓoye a jikinsu.

Ina ruwanmu da wannan?

Yawancinmu ba mu da mota, wasunmu ma ba za su taɓa shiga jirgi ba. Amma kowa yana shiga motar haya. Matar da ta taso daga ƙauye za ta Maraɗi, da goyo a baya, da ƙunshi a ka, da wani yaron a hannu, ba wanda zai ce mata ta sayi kujerar yara a kantin birni ta riƙa yawo da ita. Ba ta da kuɗinta, ba ta da hannun ɗaukarta. Idan muka ce kare yaro a mota nauyin iyaye ne su kaɗai, to mun ce ƴaƴan masu hali ne kawai za a kare.

Shi ya sa abin da ake naɗewa a ajiye ya dace da mu. Babu direban da ke ce wa fasinja ya zo da tayar ajiya ko jak daga gida. Kayan mota ne, suna cikinta kullum, ko an bukace su ko ba a bukata ba. Haka ya kamata abin ɗaure yaro ya zama. Mota guda tana ɗaukar yara da yawa a wata, saboda haka kaɗan ɗin da aka saya za su yi wa jama'a da dama aiki.

Waɗanda ya kamata su fara su ne kamfanonin manyan motocin safa masu bin hanyar Yamai, Dosso, Ƙonni, Maraɗi da Damagaram, tun da a cikinsu kowa da tikitinsa da kujerarsa. Sai motocin ɗaukar marasa lafiya, da na makarantu, da waɗanda ƙungiyoyi da majami'u ke ɗauka don kai mata da yara taro. Mu masu wa'azin lafiya, motocinmu ne za a fara dubawa. Matakin farko shi ne kowace kujera ta sami ɗamara mai aiki, domin a jikinta ake kafa abin yara. Jarirai kuma, waɗanda ba su iya zama ba, kujera tasu suke bukata mai kallon baya, don ta tallafi kai da wuya; ko guda biyu a babbar mota sun fi babu. Aikin hukuma ne ta sa doka, ta kuma tabbatar kayan da ke shigowa kasuwa an gwada su, kada a cika mu da jabu.

Abin da mutane ke cewa

"Ba kuɗi." Gaskiya ne, kujerar yaro kuɗin mota ne na biyu, kuma da yawanmu da ƙyar muke haɗa na farko. Amma mu auna. Karayar cinya guda tana kwantar da yaro makonni. Uwa tana jinya, uba yana zirga-zirga, gona ta cika da ciyawa, a sayar da akuya, a sayar da rago. Wani yaron ma ya tashi da farfaɗiya ko shanyewar jiki har ƙarshen ransa. Ga masu motoci kuma, ina roƙo su sa wa kujerar yaro rabin kuɗi. Kamfanin da ya fara haka, mata ne za su yi masa talla a gidan suna da gidan biki.

"Abin da Allah ya rubuta ba makawa." Babu mai musun ikon Allah. Amma muna rufe bakin rijiya, muna janye yaro daga murhu, muna sa shi cikin gidan sauro, muna kai shi allurar rigakafi, kuma ba wanda ya ce mun raina ƙaddara. Yaro amana ne. Ɗaure shi a mota kula da amana ne.

"Idan mota ta kife ko ta kama wuta, ɗaurin zai hana fita." Wanda aka cillar waje ta taga ya fi shiga haɗarin mutuwa. Wanda ke ɗaure kuwa yakan kasance cikin hayyacinsa, ya danna maɓalli guda ya kwance, ya kwance ɗansa.

"Yaron zai yi ta kuka." Zai yi, kwana biyu ya saba. Mu da ke asibiti mun san cewa yaron da ke kuka ba shi ne abin tsoro ba.

Kafin wannan ya samu

Sauyi irin wannan ba ya zuwa dare ɗaya, ƙananan motocin kasuwa ma su za su zo ƙarshe. Amma akwai abin da kowa zai iya yi tun gobe:

1. Kada a zauna da yaro a gidan gaba, ko da kyauta aka ba da wurin. A nemi kujerar baya.
2. Idan akwai ɗamara, uwa ta ɗaura tata ita kaɗai. Kada ta haɗa da yaron a ciki.
3. Yaron da ya yi wayo, a ba shi kujerarsa, a sauke ɗamarar ƙasa kan ƙashin ƙugu, kada ta hau tumbi.
4. Kada a ɗaure yaro a kujera da zane ko igiya. Suna tsinkewa, suna shaƙewa.
5. Kada a ɗora yaro a bayan motar kaya, ko kan buhuna, ko kan tankin babur.
6. Motar da ta yi lodi fiye da kima, ko direban da ke gudun wuce hankali, a yi magana. Idan bai ji ba, a sauka. Gara a makara.
7. In da hali, a yi tafiya da rana.

Idan kuma hatsari ya faru, a kawo yaro asibiti ko da ba a ga jini ba. Amai, yawan barci, ciwon ciki, kumburin ciki, jijjiga, ko ruwa daga kunne ko hanci, alamu ne na rauni a ciki. Kada a girgiza shi, kada a lanƙwasa wuyansa, kada a tsaya jiran gobe.

Daga ƙarshe, ku riƙa tambaya. Duk lokacin da kuka je sayen tikiti, ku ce: "Malam, akwai abin ɗaure yaro?" Yau za a yi muku dariya. Amma idan mutum goma suka tambaya, ɗari suka tambaya, maganar za ta kai kunnen mai motar. Shugabannin mata, malamai, dattawan unguwa, ku ɗauki wannan magana ku kai ta taronku, ku kai ta wurin shugabannin tasha. Haka gidan sauro ya fara, baƙo ne, yau ga shi a ɗaki-ɗaki.

Allah ya kiyaye hanya, ya raya mana zuriya.