Zangon Farko Ba Na Wasa Ba Ne: Kira Ga Iyayen 'Yan Aji Ɗaya

 

 Abin da ya sa na roƙi wannan fili a mujallar makarantarmu shi ne wata magana da na ji, ta tsaya mini a rai.

Mako na uku da komawa makarantar boko, na lura da wani yaro cikin 'yan ajina na yamma. Bana ya gama firamare, ya sami gurbi a aji ɗaya na ƙaramar sakandare, amma ko sau ɗaya bai taka ba. Da safe yana gona, da yamma ya zo mana a gajiye yana gyangyaɗi. Na je na sami mahaifinsa bayan sallar Isha'i, muka gaisa, na ce, "Baba, yaya ban ga yaron nan ya fara zuwa sakandare ba?" Sai ya yi murmushi ya ce, "Allah gafarta Malam, ai yanzu ba wani karatu ake yi ba, rubuta sunaye ne da sharar fili. Bari mu kai masara gida, mu kwashe waken soya, in an yanke dawa sai ya tafi. Ai shekara tana da tsawo."

Wannan dattijo ba maƙiyin ilimi ba ne, domin kuwa bai taɓa bari kuɗin watan Islamiyya ya kwana a kansa ba. Kuma na san ba shi kaɗai ke da wannan tunani a Birnin Gwari ba. To amma, da girmamawa nake faɗa, kuskure ne. Zangon farko daga Satumba yake zuwa Disamba. Dawa kuwa sai hunturu ya kama ake yanke ta. Wanda ya jira dawa ke nan zangon gaba ɗaya ya wuce shi. Kuma a wannan zangon ne ake kafa harsashin karatun shekara uku.

Mu da muka tashi a makarantar allo bai kamata wannan ya shige mana duhu ba. Wa ya taɓa ganin an ba yaro zuku bai yi babbaƙu da farfaru ba? Ku dubi Ahalari: sai da ya gama da tsarki sannan ya shiga sallah, sai can ƙarshe ya kawo ƙabli da ba'adi. Yaron da bai halarci babin alwala ba, in ka zaunar da shi a babin rafkanuwa, ai ka zalunce shi. To haka karatun boko yake, shi ma yana da babbaƙunsa. Na karɓi littattafan rubutun wasu daga cikin ɗalibaina na duba, bari in gaya muku abin da na gani.

Na farko, lissafi. A makonnin nan ana koya musu gurbin lamba, wato dalilin da ya sa 25 da 205 da 250 suka bambanta alhali biyu ce da biyar a kowanne. Ana hawa da su daga dubu zuwa miliyan zuwa biliyan. Wani zai ce wannan ai wasan yara ne. To, yanzu da ake cinikin hatsi ana tura kuɗi ta waya, tsakanin 50,000 da 500,000 mene ne? Sifili ɗaya ne tak. Manomin da ba shi da mai karanta masa wannan sifilin a gida, sai dai ya dogara da amanar mai saye.

Daga nan sai su shiga kashe-kashe, rabi da sulusi da rubu'i, da kuma neman ƙaramar lambar da lambobi biyu za su raba ta ba saura, abin da yaran ke kira el-si-em. Da na ga wannan sai da na yi dariya, domin shi ne ainihin abin da malaman gado ke kira asalin mas'ala. Alal misali, mutum ya rasu ya bar mata da mahaifiya da 'ya'ya maza da mata. Matar tana da sumuni, ɗaya cikin 8. Mahaifiya tana da sudusi, ɗaya cikin 6. Wace lamba ce 8 da 6 duk za su raba? 24 ce. Sai mata ta ɗauki 3, mahaifiya 4, sauran 17 na 'ya'ya. Haka zakkar amfanin gona: ɗaya cikin 10 ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin 20 ga na ban-ruwa. Kun ga ke nan, yaron da muka riƙe a gona yana tara mana hatsi, darasin da zai iya fitar da zakkar hatsin ne yake wuce shi.

Kada kuma a ɗauka wannan ilimi baƙo ne gare mu. Kalmar sifili daga Larabci take, kamar yadda ashirin da talatin da arba'in suke. Malam Alkawarizmi, wanda ya zauna a Bagadaza a ƙarni na 9, yana cikin waɗanda suka yaɗa wannan tsarin lambobi da aka samo daga Indiya, kuma daga sunan littafinsa aka sami kalmar aljabara. Nan kusa da mu ma, Katsina ta fitar da Malam Muhammadu Alkashinawi, masanin lissafi da taurari, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741. Kayanmu ne ya zaga duniya ya dawo mana cikin littafin boko.

Na biyu, kimiyya. Darasin farko shi ne rarrabe mai rai da marar rai: cin abinci, numfashi, girma, haihuwa, da yadda tsiro da dabba da mutum suke dogaro da juna. Wannan ya taɓa mini zuciya, saboda ga dajin Kamuku nan a bayan gidanmu, wanda aka keɓe tun 1936, aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,000. An san shi da giwaye da gwanki da tsuntsaye iri-iri. Amma ka tambayi ɗan shekara goma sha biyu yau, me ke cikin daji? Amsa ɗaya zai ba ka: 'yan bindiga. Da wayonsa bai san dajin da wani abu ba sai tsoro. A aji ne zai fara jin cewa daji dukiya ne, bishiya tana riƙe ƙasa da ruwa, kuma sare ta barkatai don gawayi yana da sakamako.

Na uku, Turanci. A sakandare kusan kowane darasi da Turanci ake rubuta shi, jarrabawa ma haka. A makonnin farko ne malami ke bitar sassan magana: suna, aikatau, da sauransu. Ku ɗalibaina da kuka fara Ajurumiyya, ai kun san isimi da fi'ili da harafi. Ku kama wancan da wannan, za ku ga ƙofar ta buɗe. Yaron da ya iya karanta Larabci da Ajami ba jahili ba ne, ya riga ya san cewa harafi sauti yake ɗauke da shi. Abin da yake bukata kawai a ɗora shi a kan hanya tun da wuri.

Sannan a watan Satumba na 2025 Gwamnatin Tarayya ta fito da sabuwar manhaja. Ta wajabta Tarihin Nijeriya daga aji ɗaya na firamare har aji uku na ƙaramar sakandare, ta kuma sa ɗalibi ya zaɓi sana'a guda cikin shida: haɗa lantarki mai aiki da hasken rana, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, ko noma da lambu. Ashe ma noman da kiwon da muke riƙe yaro dominsu, suna cikin abin da aka tsara a koya masa.

Yanzu bari in faɗi hujjar iyaye, domin adalci ya wajaba. Na san abin da muka gani. Shekaru muka yi gonaki suna kwance, wasu ba su noma ba sai da suka biya kuɗi, wasu sun bar ƙauyukansu da kayan jikinsu kawai. Ba mu manta da Maris na 2021 ba, lokacin da aka shiga firamaren Rama aka tafi da malamai uku. Ba mu manta da Kuriga ba, nan maƙwabtanmu cikin Chikun, inda aka kwashe ɗalibai ranar 7 ga Maris 2024, aka dawo da 137 bayan mako biyu da 'yan kwanaki. Uwar da gabanta ke faɗuwa in ɗanta ya sa kayan makaranta, ba wanda ya isa ya ga laifinta. Bayan sulhun da aka yi a Nuwamba 2024, lokacin da Gwamna Uba Sani ya zo aka sake buɗe kasuwar shanu da ta yi kusan shekara goma a rufe, mutane da yawa sun koma gonakinsu. Wanda ya sha yunwa, ga bashi, ga 'yan ƙwadago da tsada, in ya ga amfani ya nuna dole ya nemi hannu. Duk wannan gaskiya ne. Inda kuma hanya ba ta da aminci, ban ce a tura yaro ba, rai shi ne gaba.

Amma wannan tarihin shi ne babbar hujjata. Yaran da ke shiga aji ɗaya yanzu su ne waɗanda firamarensu ta zo cikin gudun hijira da rufe makarantu. Akwai wanda na ba shi littafinsa ya karanta mini abin da ya kwafa da hannunsa, ya kasa. Irin wannan yaro in ya rasa zangon farko, ya shiga aji a Janairu, zai tarar ana magana bai san inda aka dosa ba. Ya zauna a baya, a yi masa dariya sau ɗaya, sau biyu, sai ya fara fashi. Daga nan sai ramin haƙar zinari, ko tasha, ko abin da ya fi wannan muni, wanda ba sai na ambata ba. Dajin nan ba daga sama yake samun matasa ba. Masarar da aka yi asara bana, in Allah Ya kai mu baɗi a sake shukawa. Yaro kuwa sau ɗaya yake yin shekara goma sha biyu.

Saboda haka ga roƙona.

Iyayena maza, a bar wa makaranta safiyar yaro. A ba gona ranakun hutun mako da bayan an tashi. A raya gayya kamar yadda kakanninmu suka yi, yau gonar wane, gobe ta wane, manya su ɗauke wa yara. Wanda kuma ya riga ya makara, kada ya ce sai sabon zango, gobe da safe ya kama hannun yaron ya kai shi.

Iyayena mata, abin da na faɗa a kan gona ya shafi talla da raino. 'Ya mace ma ana fara mata darasi ranar da aka fara wa namiji. Kuma ko ba ki iya boko ba, ki ce a kawo miki littafi kowane dare. Ki duba ko shafi ya ƙaru, ko akwai jan biron malami. Ki ce, "Karanta mini in ji." Kunnenki zai gaya miki ko karatu yake yi ko kame-kame.

'Yan'uwana malaman boko, mun san ƙoƙarinku da ƙarancin kayan aiki. Amma maganar dattijon nan tana da tushe: in yaro ya yi mako guda yana shara da nome ciyawa ba a shiga aji ba, mun ba uba hujja. A fara darasi ranar farko, ko da mutum goma ne a aji.

Mu kuma na Islamiyya, ina ba hukumar makaranta shawara mu ware rabin awa sau biyu a mako, manyan ɗalibai su zauna da 'yan aji ɗaya a yi bitar karatu da lissafi. Ba zai rage mana hadda ba.

Ku kuma ƙannena, in kun yi fashi, ku ari littafin aboki ku kwafa, ku tambaya. Jin kunyar tambaya shi ke tsufar da jahilci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Dattijon da na ba ku labari, da na yi masa lissafin gadon nan a ƙasa da tsinke, ya yi shiru, can ya ce, "To Malam, za mu duba." Ranar Litinin na hangi yaron da kayan makaranta, wandon ya yi masa yawa, yana sauri. Saura na sauran gidaje.

Allah Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, Ya sa albarka a amfanin gonarmu da zuriyarmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, a yafe mini.